Filin Tambayoyin Masu Karatu: Wane Kaskon Suya Ne Ya Fi Ƙarko?

Tambaya daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina shirin aurar da 'yata ta biyu bayan Babbar Salla, kuma na fara tara mata kayan kicin. Lokacin auren yayarta na sayi saitin kasake masu baƙin shafe a ciki, waɗanda ake kira nonstik, masu kyan gani ƙwarai. Ba su rufa shekara biyu ba shafen ya fara ɓarewa, gindin babban ya lanƙwashe, hannun ɗaya kuma ya kwance yana lilo. Ba na so in sake zubar da kuɗi. Wane irin kasko zan saya wanda zai daɗe a hannunta?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Shawarata ita ce ki saya mata kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi guda ɗaya, ki haɗa da na sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, mai kaurin gindi guda ɗaya, idan kuɗi sun yi saura ki ƙara ƙaramin nonstik saboda suyar ƙwai da wainar fulawa. Waɗannan ukun za su yi mata aikin da saiti mai guda bakwai ba zai yi ba, kuma biyu daga cikinsu, in Allah ya so, har 'ya'yanta za su ci suyarsu.

Abubuwa ukun da kika lissafa, wato ɓarewar shafe da lanƙwashewar gindi da kwancewar hannu, su ne hanyoyin da kusan kowane kasko yake bi ya mutu, saboda haka bari mu fara da shafen, domin shi ne ya fi cin kuɗin mutane. Wannan baƙin abu mai santsi wani nau'in roba ne da wani masanin sinadarai mai suna Roy Plunkett ya gano a 1938 yana aiki a kamfanin DuPont na Amurka, aka sa masa sunan kasuwa Teflon, sannan kamfanin Tefal na Faransa, wanda aka kafa a 1956, ya shahara wajen shafa shi a cikin kasko. Shafen bai kai kaurin takarda ba, kuma yana fara lalacewa da zarar zafi ya wuce digiri 260 a ma'aunin Salshiyas. Kaskon da aka ɗora a kan gas babu komai a cikinsa, aka buɗe wuta sosai, cikin 'yan mintoci zai wuce wannan zafi. To, ki dubi yadda muke girki a gidajenmu. Wutarmu mai ƙarfi ce, matsaminmu na ƙarfe ne, idan an gama kuma a kai kaskon bakin rariya a dirje shi da soson waya, wani gidan ma har da toka. Babu shafen da zai jure wannan, komai tsadarsa, don haka kada ki ɗora wa babbar 'yarki laifin rashin tattali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma duk wanda ya sayi kasko mai shafe ya sa a ransa cewa na 'yan shekaru ne, ko da an lallaɓa shi da cokalin katako da soso mai laushi. Haka abin yake ga masu ɗige-ɗigen nan da ake tallarsu da sunan kaskon dutse. Mafi yawansu alminiyam ne aka shafe shi aka yi masa ado, kuma ranar da shafen ya tafi, amfanin da aka saye su dominsa ya tafi.

Lanƙwashewar gindi kuwa daga rashin kauri take. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, kuma idan ya sha zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake buɗewa. Harshen wutar gas yana dukan tsakiyar kasko kafin gefe ya ɗauki zafi, sai tsakiyar ta nemi wurin buɗewa ta rasa, ta turo sama ko ƙasa. Abin da yake ƙarasa shi shi ne al'adar nan ta sauke kasko daga wuta a kwara masa ruwan sanyi nan take don ya jiƙa. Kaskon da gindinsa ya yi doro ba ya zama daidai a kan murhu, mai yana taruwa a gefe, tsakiya kuma tana ƙona abinci. Idan za a sayi na alminiyam, kaurinsa ya kai milimita 3 ko fiye, duk wanda kuma za ki iya lanƙwasa bakinsa da yatsunki, ki bar wa mai shago kayansa.

Dalilin da ya sa na sa baƙin ƙarfe a gaba shi ne ba shi da wani shafe na kamfani da zai ɓare. Santsinsa daga man suya yake samuwa, kuma ƙaruwa yake yi da yawan amfani. Ki tsaya wurin mai ƙosan unguwarku da asuba ki dubi kaskonta, idan na baƙin ƙarfe ne. Bayansa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin itace, har ya yi ɓawo, amma cikinsa sumul yake yana ƙyalli, matsami yana kai da komo a kansa kullum ba tare da ya ji masa ciwo ba. Za ki lura tana sakin ƙullu da sauri, dunƙule bayan dunƙule, man kuma bai daina tafasa ba. Nauyin ƙarfen ne yake riƙe zafi, kuma man da bai huce ba shi yake sa ƙosai ko awara ko kifi su soyu ba su sha mai ba. A siririn kasko, da an zuba doya mai sanyi zafin man zai faɗi, doyar ta zauna tana shan mai kafin wuta ta sake kamawa.

Baƙin ƙarfen iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake narka ƙarfe a zuba shi a mazubi, yana ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma wannan ne yake sa shi tauri amma ya hana shi lanƙwasuwa, ta yadda idan ya faɗi a kan siminti yana iya tsagewa. Akwai kuma na falle, irin wanda maƙera suke bugawa, wanda ya fi sauƙin ɗauka, ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma ko ya faɗi sai dai ya lotsa. Ga amarya na fi son na fallen mai kauri, saboda na zubi babba idan ya cika da mai yana yi wa hannu nauyi, kuma tafasasshen mai ba abin wasa ba ne. Sai dai idan wurin maƙeri za ki saya, ki tambaye shi asalin fallen, ki guji wanda aka yanko daga durom ɗin da aka taɓa zuba sinadari ko fenti, da kuma wanda aka lulluɓe da tutiya irin kwanon rufi.

Inda baƙin ƙarfe yake da rauni shi ne wajen tsami. Idan aka daɗe ana soya markaɗen tumatir a cikinsa, tsamin yana cinye santsin da man ya gina, miya ta yi duhu, wani lokaci har a ji ɗanɗanon ƙarfe. A nan ne sitenles yake shigowa. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya haɗa shi a birnin Shafil na Ingila a 1913, kuma abin da yake hana shi tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari. Idan kika ga an buga 18/10 a gindin kasko, ana nufin kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 10, kuma irin wannan ba ruwansa da tsamin tumatir ko na tsamiya. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya yaɗa zafi. Alminiyam ya ninka shi fiye da sau goma a wannan fanni, shi ya sa masu ingancin suke zuwa da fallen alminiyam a rufe a cikin gindinsu. Sitenles marar wannan gindi zai ƙona albasa a tsakiya alhali ta gefe ba ta ko yi laushi ba.

Idan kin shiga kasuwar Sabon Gari, kada ki tsaya a kan kwali da hoton da ke jikinsa. Ki sa a fito miki da kaskon, ki ɗaga shi ki ji nauyinsa, ki ɗora shi a kan tebur ki danna bakinsa ta kowane gefe ki ga ko zai yi rawa. Sannan ki juya ki dubi inda hannu ya haɗu da jiki. Wanda aka dasa da ƙusoshin ƙarfe biyu ko uku da suka huda jikin kaskon ya fi wanda aka ɗaure da sukuru ɗaya, hannun roba kuwa ba ya shiri da gawayi ko itace, domin harshen wuta yana lasar gefe. Idan ba ki tabbatar da irin ƙarfen ba, ɗan maganaɗisu zai raba gardama, yana kama baƙin ƙarfe amma ba ya kama alminiyam.

Na san akwai maganar idon jama'a ranar jere, kuma baƙin kasko ba ya ƙawata kanta kamar saiti mai launi ɗaya. Ba na raina wannan damuwa, domin kowace uwa tana son a fita kunya. Amma a ganina 'yan kallo na yini ɗaya ne, ita kuwa yarinyar da wannan kasko za ta tashi kowace safiya, saboda haka idan dole a rage wani abu, a rage daga na ado.

Tambaya daga wani magidanci a Samaru:

Maiɗakina tana amfani da kasko da tukwanen alminiyam na masu zubi, kuma gaskiya suna da ƙarko, akwai wanda ya haura shekara goma a gidana. Sai na ji ana cewa suna ɗauke da gubar dalma. Da gaske ne, ko kuwa neman kashe wa masu sana'ar kasuwa ake yi?

Amsa:

Malam, ta fuskar ƙarko ban da ja da kai. Kayan masu zubi suna da kauri, ba sa tsatsa, ba sa lanƙwashewa, suna yaɗa zafi daidai, kuma kuɗinsu bai fi ƙarfin talaka ba. Amma maganar dalmar tana da tushe, kuma ya kamata a faɗe ta ba tare da ƙari ko ragi ba.

Matsalar ba daga alminiyam ɗin kansa take ba, daga abin da aka narka aka samo shi take. Mai zubi yakan sayi tarkace daga hannun 'yan gwangwan, a ciki akwai gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane, akwai kuma sassan injin mota da lagireto da kayan lantarki, waɗanda wasunsu suna da dalma a jikinsu. Dalma tana narkewa a digiri 327, alminiyam kuwa sai a digiri 660, saboda haka kafin alminiyam ya zama ruwa dalmar ta riga ta narke ta shiga cikinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubi na ƙasar Kamaru ya nuna cewa dalma tana fita daga jikin wasunsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki, sannan wani da ya biyo baya a 2017, wanda ya haɗa tukwane daga ƙasashe goma, ya sake samun haka a cikin wasu daga cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana da masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun tana tsiro. Mu a Arewa mun ga abin da dalma take yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Waccan daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ba daga tukunya ba, kuma yawanta ya ninka abin da tukunya za ta saki nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma taruwa take yi a jiki a hankali.

Ba kowane kaskon zubi ne yake da ita ba, sai dai ido ba ya bambance mai ita da marar ita, sai a ɗakin gwaji. Abin da ke hannunku a gida shi ne rage hanyar fitarta. Kada a daɗe ana dafa abu mai tsami a cikinsu, kamar tumatir da tsamiya da zoɓo da yakuwa. A kiyaye da kanwa ma, domin ita ma tana cin alminiyam. Kada abinci ya kwana a ciki, a juye shi a wani mazubi da zarar an sauke. Kuma a daina dirje cikinsu da soson waya har sai sun yi fari fat, domin dusashewar nan da uwargida take gani kamar datti wata kariya ce da ƙarfen yake yi wa kansa, duk lokacin da aka kankare ta an buɗe sabon jiki ke nan. Abincin jariri da na mai ciki kuwa, ni dai da za a bi tawa, a mayar da shi tukunyar sitenles tun yau.

Ba na goyon bayan a juya wa masu zubi baya, domin sana'a ce da take riƙe da gidaje masu yawa, kuma gyaranta mai yiwuwa ne idan aka ware tarkacen da ake narkawa don kayan abinci daga na injina. Zariya ba ta rasa masana ba, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin ƙarafa, kuma zai yi kyau a ce masu wannan ilimi da masu sana'ar sun zauna tare. Kafin nan, kai mai saye ka riƙa tambayar mai zubi abin da yake narkawa, domin yawan tambayar masu saye yana canza halin kasuwa.

Tambaya daga wata uwargida a Gyallesu:

Shafen kaskona ya fara fita, har ina ganin baƙaƙen ɓarɓashi a jikin ƙwai. Mun ci na kwanaki kafin in lura. Akwai abin tsoro?

Amsa:

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Ɓarɓashin ba ya narkewa a ciki, yana bin hanji ya fita yadda ya shiga. Abin da ya fi shi haɗari shi ne hayaƙin da shafen yake fitarwa idan aka bar kaskon a wuta ya yi zafi fiye da kima, wanda yake sa wa mutum zazzaɓi da ciwon kai kamar na mura, yana kuma iya kashe tsuntsaye, abin da ya kamata masu ajiye 'yan tsaki kusa da madafa su sani. Duk da haka, kaskon da ya fara ɓarewa ya gama aikinsa, zai riƙa kama abinci, kuma alminiyam ɗin da ke ƙarƙashi ya fito fili. Ki canza shi.

Tambaya daga wata matar aure a Ƙofar Doka:

Surukata ta ba ni wani tsohon kaskon baƙin ƙarfe da ta ce na mahaifiyarta ne. Na ajiye shi a sito, da damina ta wuce na tarar tsatsa ta rufe shi ja wur. Ina jin kunyar ta gani. Ya lalace ke nan?

Amsa:

Bai lalace ba, 'yar'uwa, matuƙar tsatsar ba ta huda shi ba kuma bai tsage ba. Laimar watan Agusta ce ta same shi babu mai a jikinsa, kuma gyaransa aikin yini ɗaya ne. Wannan ne wurin da soson waya yake da amfani. Ki dirje shi da ruwa da sabulu, ciki da baya, har jan ya fita ƙarfen ya koma ruwan toka, idan tsatsar ta yi kauri ki haɗa da yashi mai laushi. Ki ɗauraye, ki goge, sannan ki ɗora shi a wuta nan take har ya bushe ƙarau, domin ɗanyen ƙarfe yana iya sake yin ja tun kafin ki gama wanke hannu.

Yana da ɗumi ki ɗiga man gyaɗa kaɗan, ki bi ko'ina da tsumma mai tsabta, sannan ki ɗauki wani busasshen tsumma ki goge man kamar ba ki so ya rage. A nan mutane da yawa suke kuskure, suna zaton yawan mai shi ne gyara, alhali man da ya yi yawa danƙo yake zama. Ki mayar da shi wuta, gawayi ya fi dacewa saboda zafinsa yana game gindin duka, ki bar shi har ya yi hayaƙi, hayaƙin kuma ya ɗauke da kansa. Za ki ga launinsa ya tashi daga ruwan toka zuwa ruwan ƙasa. Zafin ne ya sauya man ya zama wata busasshiyar fata mai tauri da ta manne da ƙarfen, wadda ruwa ba ya ratsa ta. Ki maimaita sau uku ko huɗu har ya yi baƙi. A makonnin farko ki riƙa yin suya mai yawan mai a cikinsa, irin su ƙosai da dankali da fanke, ki jinkirta ƙwai sai ya sha mai sosai, kamar dai yadda ake yi wa sabuwar tanda.

Daga nan kulawarsa ba ta da wuya. Kada ya kwana da ruwa a ciki, a busar da shi a wuta bayan kowane wanki, a shafa masa ɗan mai, a rataye shi inda iska take shiga maimakon a kife shi a ƙasa. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wato yana sakin ɗan sinadarin ƙarfe a cikin abinci, irin wanda jiki yake buƙata wajen yin jini. Wani gwaji da aka yi a Habasha, aka wallafa a 1999, ya nuna raguwar ƙarancin jini a tsakanin yaran da aka riƙa dafa musu abinci a tukunyar ƙarfe. Sai dai idan a gidan akwai mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, a tuntuɓi likitansa tukuna, domin irinsu ƙarfen kan yi musu yawa a jiki.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kongo:

Na sayi kaskon sitenles saboda an ce ya fi daɗewa, amma duk ƙwan da na fasa sai ya manne. Jabu aka sayar mini?

Amsa:

Ba lalle ba ne, ƙanwata, sitenles haka yake idan aka zuba masa abinci bai yi zafi ba. Ki ɗora shi a matsakaiciyar wuta na minti biyu ko uku, ki yayyafa ɗigon ruwa. Idan ruwan ya yi ƙara ya ƙafe nan take, da saura. Idan ya dunƙule yana gangarawa a cikin kaskon, to ya yi. Sai ki rage wuta, ki zuba mai ya game gindin, ki fasa ƙwan, ki kuma ƙyale shi har ƙasansa ya soyu, zai saki kaskon da kansa. Idan wani abu ya kama, ki bari kaskon ya huce, ki zuba ruwa da ɗan sabulu ki tafasa, ƙanzon zai taso ba sai kin kankare da wuƙa ba.